Famfon Yaya Kyari da Ruwan Kwarinmu

Abin da zan rubuta a wannan babi ban gan shi duka da idona ba, kuma ya kamata ku san haka tun farko, Bintu da Ari, domin labarin mahaifinku ne, ku za ku ɗauke shi bayanmu. A lokacin da abin ya faru ina karatun aikin gona a jami'a a Damagaram, hutu kaɗai ke kawo ni gida. Abin da na gani zan ce na gani. Sauran na same shi daga bakin kakanku Malam Ari, wanda nake kira Baba, da kakarku Inna, da mahaifiyarku Falmata, da kuma Gwaggo Fanna, ƙanwar Baba, wadda na zauna da ita sau da dama kafin rasuwarta. Na yi magana da mahaifinku, Yaya Kyari, ta waya, amma layin inda yake yana yawan yankewa, shi kuma ba ya son tsawaita wannan zance. A kan lokaci ma masu ba ni labarin ba su daidaita ba. Inna ta ce famfon ya iso bayan babbar salla, domin tana tuna akwai sauran naman layya a gida ranar da aka sauke shi. Baba ya ce kafin salla ne. Falmata ta ce ita dai abin da ta sani tana goyon Ari, bai fara tafiya ba. Maganarta na ɗauka, saboda ita ce za a iya gwadawa da shekarun yaro. Inda suka saɓa zan faɗa, inda ban sani ba ma zan faɗa.

Ku a cikin garin Gure kuka yi wayo, a gidan kakanninku na wajen uwa, kwarin kuwa kun san shi ne bayan ya mutu. Saboda haka sai na kwatanta muku shi kamar yadda na tashi na same shi. Idan aka bar kwalta aka nufi wajen Bune, tafiya ce cikin rairayi, tudu bayan tudu, har mutum ya hau wani tudun ya hangi kore a ƙarƙashinsa kamar an ajiye ƙwarya. Tsakiyar kwarin farar ƙasa ce, inda mata ke kankarar kanwa. Garake, wato lambuna, sun kewaye ta, da albasa da shu, wato kabeji, da rogo da alkama, sannan dabino da goriba sun kewaye garaken har gindin tudu. Ruwa ba shi da nisa. Kowane gida yana da rijiyarsa da aka ɗaure bakinta da itacen goriba, a kanta kuma akwai jigo, wato doguwar sanda da aka ɗora bisa ginshiƙi, guga a wannan ƙarshe, curin laka a wancan. Mutum ya danna guga ƙasa, nauyin laka ya taimaka masa ya ɗago, ya juye a hanyar ruwa, ya sake. Da wannan aka ci da mu, da shi kuma bayan Baba ya lanƙwashe tun bai tsufa ba.

Akwai abubuwa biyu game da zamanmu da sai kun fahimce su kafin ku yi wa kowa hukunci. Na farko, kwarinmu ba shi da dokar ruwa. Na tambayi Baba, na tambayi Bulama, mai garinmu, ko a zamanin iyayensu an taɓa ƙayyade abin da gida zai ɗiba. Dukansu sun yi mamakin tambayar. Bulama ya ce mutum yana ja ne har ya gaji, in ya gaji ya tafi gida. Daga baya na gane cewa dokar ke nan. Kafaɗar mutum ce ma'aunin, babu mai iya ɗibar abin da ya fi ƙarfin kafaɗarsa, kuma rijiya tana cikowa yayin da mai ita yake hutawa. Na biyu shi ne aro. A wurinmu ɗan'uwa ba ya neman kayan aiki a hana shi. Uzurin da ake karɓa shi ne wanda ido ke gani: jaki ya gaji, igiya ta tsinke, ko mai abu yana tsakiyar aiki da shi. Wanda ya ce babu alhali ana ganin akwai, za a daɗe ana faɗa wa jikokinsa.

Yaya Kyari bai yi nisa a lakwal, wato makarantar boko, ba. Ya fara tafiya cirani tun yana saurayi, a ƙarshe ya zauna wajen wani mai garka a gefen Maraɗi. A can ya ga famfo mai aiki da hasken rana. Ƴan kasuwa ne suka riƙa shigo da shi daga Kano, kuma kafin Yaya ya je abin ya riga ya zauna da gindinsa: akwai masu haƙa, akwai masu sayar da tiyo, akwai masu gyara a kowace unguwa. Ya koyi haɗawa da kwancewa. Ya faɗa mini cewa duk lokacin da ya ga ruwa yana zuba babu wanda ke nishi, bayan Baba yake tunawa. Wannan shi ne dalilinsa, kuma ban taɓa jin wani ya kawo wani dalilin da ya fi shi ƙarfi ba, har cikin masu zaginsa.

Ranar da ya saya ina wurin, domin a kasuwar Damagaram ne, ɗakina ya sauka. Mai shagon mutum ne mai fara'a, bai ɓoye komai ba. Ya tambayi zurfin rijiya, ya tambayi girman garka, ya zaɓo famfon da ya dace da amsoshin, da farantan hasken rana biyu. Irin ruwan da ke ƙarƙashin ƙasarmu bai shigo zancen ba, saboda a inda famfon ya fito da inda ya biyo wannan ba abin tambaya ba ne. Aka ɗaure kayan a saman mota zuwa Gure, daga Gure aka ɗora a amalanken shanu. Na sha tunanin wannan tafiya. Injin wuri kaɗan ya ci a saman mota. Abubuwan da suka sa ya yi aiki a Maraɗi kuwa babu wanda ya hau motar: gulbin da ke cika ƙasarsu kowace damina, masu gyaran da ke bayan gida, da mai garka wanda ke rufe famfonsa da makulli ya sa a aljihu ba wanda zai tambaye shi dalili.

An yi raha ranar da aka kafa shi. Inna ta ce mata sun yi layi suna duba fuskarsu a farantan, Gwaggo Fanna ta ce Kyari ya kawo wa matarsa madubin da ya fi ƙofar ɗaki. Modu, ɗan Gwaggo, wanda taubashin Yaya ne, wasa ne tsakaninsu tun suna yara, ya zagaya injin yana riƙe da haɓa.

"Ragon Maraɗi," in ji shi, "shekara nawa kana birni, ashe kwanciya ka je koyo. Yanzu rana ce za ta yi maka noma kana shan shayi?"

"Kai dai riƙe jigonka, bawana," in ji Yaya. "In ka gaji ka zo ka durƙusa, in sa ta yi maka."

Da farko a rijiyarmu aka sa shi, ya shanye ta kafin hantsi. Sai Yaya ya kira masu haƙa da hannu daga Gure, suka nutsa bututu cikin ƙasa, ya wuce zurfin kowace rijiya a kwarin. Daga nan ruwa bai ƙara yankewa ba muddin akwai rana. Wannan rani na zo hutu na ga abin da ban taɓa gani ba: Baba zaune a inuwar dabino da tsakar rana, yana gyara hanyar ruwa da ƙafa kawai. Garkarmu ta ninka. Yaya ya riƙa kai shu da albasa kasuwar Gure, mutane daga wasu kwarurruka suna zuwa kallo. Ina so ku riƙe wannan, domin yanzu babu mai faɗarsa: akwai shekara guda da sunan mahaifinku ya fi na kowa daɗi a bakin mutanen garinmu.

Aro ya fara tun a makon farko. Famfon ba ya ɗaukuwa kamar galma, saboda haka tiyo aka riƙa ja. Wanda ke kusa ya sayo nasa ya haɗa, na bayansa ya haɗa da na wancan, har ruwan bututunmu ya riƙa zagaya rabin kwarin. Yaya ya ga yadda ake yi a Maraɗi, inda mai gidansa ke kashe famfo da azahar ya bar ƙasa ta huta, shi ma ya fara yin haka. Bai yi mako yana yi ba Baffa Girema, wan Baba, ya zo ya same shi a bakin bututu. Falmata tana wurin ta kawo abinci, daga bakinta na ji, kuma Yaya ya tabbatar.

"Kyari, injin ya lalace ne?"

"Lafiyarsa lau, Baffa. Hutar da ruwan nake yi."

"Ruwan ne ya ce maka ya gaji? Mai kake saya masa, ko jaki ne da za ka ce ƙafa ta kumbura? Rana ce fa, ɗana. Kai ka hura ta?"

A al'adarmu wannan tambaya ba ta da amsa. Da injin mai ne, da ya ce mai ya ƙare, kowa ya gane. Wannan kuwa ba ya ci, ba ya sha, ba ya gajiya, kowa kuma yana ganin rana a sama. Baffa ya wuce wajen ƙanensa. Da yamma Baba ya kira Yaya zaure. Yaya ya yi ƙoƙarin bayyana masa yadda ake yi a can, Baba ya saurara har ya gama, sannan ya ce maƙwabcin mai gidansa na Maraɗi baƙo ne a wurinsa, nan kuwa wanda aka rufe wa ruwa uwa ɗaya uba ɗaya suke da shi Baba.

"A gidan nan ba a taɓa ce wa ɗan'uwa babu alhali akwai ba," in ji Baba. "Ba za a fara a kaina ba. Ka buɗe."

Baba bai musa wannan magana ba da na tambaye shi. Ya ce haka ya faɗa, kuma a ranar bai ga wata maganar da zai iya faɗa ba. Daga nan famfon ya riƙa aiki daga fitowar rana zuwa faɗuwarta. Bayan damina wasu gidaje biyu suka sayo nasu, su ma suka nutsa bututu, su ma aka ja tiyo daga wurinsu. Wannan ma ana mantawa da shi idan ana ba da labarin. Famfo uku ne a kwarin, ba ɗaya ba.

Garkar Gwaggo Fanna tana can gefen gabas, a gindin tudu, inda ƙasa ta ɗan ɗaga. Mijinta ya rasu da daɗewa, ita da Modu ke aikin, kuma abin da suke ci da shi dabino ne, tsofaffin itatuwa da kakanmu ya dasa ya bar mata. Tiyo bai taɓa kaiwa can ba. A rani na biyu na zo hutu na je gaishe ta, na same ta a bakin rijiya. Ta danna jigo a gabana, guga ya taso da laka. Ta juye ta sake dannawa. Modu ya shiga ya ƙara zurfi, rairayi ya rufto, da ƙyar aka jawo shi. Yaya ya gwada kai mata tiyo, famfon ya kasa tura ruwa zuwa can. Sai ya riƙa cika bido, wato jarka, yana kai mata a amalanke kowace safiya, ta karɓa ta yi godiya ta zuba wa albasarta. Amma dabino ba a shayar da shi da bido. Da saiwarsa yake sha daga ƙasa, in ruwa ya sauka ya bar saiwar sai ya fara bushewa daga sama. Na ga kan itatuwan sun yi ja kafin hutuna ya ƙare.

Inna ce ta fara lura da ɗaya matsalar, a tukunya. Ta ce wake ya riƙa nuna da wuri, yana yin ja kamar an jefa masa kanwa, alhali ba ta sa ba. Sannan shayin Baba ya canza ɗanɗano. Ba a daɗe ba kowane fangalin shuka da ke shan ruwan bututu ya fara yin farin ɓawo idan ya bushe, bakin ganyen shu ya riƙa ƙonewa. A nan mutanenmu suka yi abin da iyayensu suka koya musu, wanda bai taɓa ba su kunya ba a zamanin jigo: shuka in ta yi yaushi ƙishi take ji, a ƙara mata ruwa. Aka ƙara. Ruwan ya bushe ya bar kanwarsa a ƙasa, shuka ta ƙara yaushi, aka sake ƙarawa. Abin da na karanta daga baya shi ne, a irin wannan kwari ruwan daɗi yana zama a sama da gefe, daga ruwan saman da ke nutsewa cikin tuddai, ruwan kanwa kuma yana ƙasa da tsakiya, idan aka ja da ƙarfi na ƙasan yana iya tasowa. Wannan abu ne da yake iya faruwa. Na rubuta shi a matsayin haka, ban wuce nan ba.

Sai famfon kansa ya tsaya. Yaya ya kwance shi ya ga cikinsa ya cinye. A Gure babu mai kayan, aka aika Damagaram, mai shagon ya ce sai an kawo daga Kano, iyakar ƙasa kuma a rufe take a lokacin. Na yi ta zirga-zirga shagon tsakanin darussa, kullum amsa ɗaya. Famfo na biyu ya tsaya ba da jimawa ba, na ukun bai iya ɗaukar kowa ba. Mutane suka koma wajen jigo suka tarar gara ta ci sandunan, igiyoyi sun ruɓe, kuma ko da suna nan rijiyoyin laka ce a ciki. Amfanin wannan rani ya mutu a tsaye, ana kallo.

Taron da aka yi a ƙofar Bulama bayan la'asar ban halarta ba. Na ji shi daga Baba, daga Modu, da kuma daga Gwaggo, sun kuma daidaita a kan abin da zan faɗa. Baffa Girema ne ya fara magana. Ya ce suna zaune lafiya da jigonsu tun kaka da kakanni, yaro ya je birni ya ɗauko musu abin da ya tsotse ƙasa. Mutanen da tiyonsu ke kwance a garkarmu har ranar suka gyaɗa kai. Yaya ya miƙe.

"Baffa, ni ne na ce a riƙa rufewa da azahar."

"Wa ya ji ka?" in ji Baffa.

Yaya ya juya ya dubi Baba. Baba ya dubi ƙasa. Daga baya Baba ya gaya mini cewa da ya buɗe baki, da ya ƙaryata wansa a gaban gari, abin da ba a yi. Ya ce ya zaci za a huce a gyara a cikin gida. Modu ya yi magana bayan haka, gajeriya, kuma abin da Yaya ya fi riƙewa shi ne bai kira shi da ko ɗaya daga sunayen wasan da suka saba ba, Kyari kawai ya ce. Mata ba sa zama a wannan taro, amma Gwaggo tana tsaye bayan zana, ta ɗaga murya yadda kowa zai ji.

"Ni dai tiyon kowa bai taɓa shiga garkata ba. Ku da kuka sha, wa zai ba ni dabinon ubana?"

Aka tashi a haka.

Yaya ya zauna har aka yi girbin gero. A wannan tsakanin, in ji Falmata, in ya shiga masallaci ana matsa masa wuri fiye da yadda yake bukata, in ya yi sallama a majalisa zance yana canzawa. Bayan girbi ya kai ku Gure wajen iyayenta, ya bi motar masu neman zinariya zuwa Jado. Bai ɗauki komai na famfon ba. Farantan suna bisa rufin ɗakin Baba yanzu, da su mutanen gari ke cajin waya, har da Baffa Girema, da su kuma muke cajin wadda muke kiransa da ita. Yana aiko muku da abin da ya samu. Bai taɓa zuwa ba ko da salla. Na tambaye shi sau ɗaya, ya ce ba zai zauna a garin da ake nuna ƴaƴansa ana cewa ga ƴaƴan wanda ya kashe kwari ba, kuma ba zai zo Gure ya kasa ƙarasawa wajen Baba ba.

Gwaggo ta koma Bune wajen ƴarta, a can ta rasu. Ba zan haɗa mutuwarta da wannan al'amari ba, tana da tari tun da daɗewa. Zuwana na ƙarshe ta riƙe hannuna ta ce in gaya wa Kyari ba ta fushi da shi, ta tuna bidon da yake kawo mata. Na yi murna, na ce zan faɗa masa. Sai ta ƙara matse hannun.

"Amma Gaji," haka suke kirana a gida don ni ne auta, "kada ka ce masa na ce ba shi ba ne. Ban ce ba."

Da lokacin rubuta kundin kammala karatuna ya zo, wannan batu na zaɓa. Na ari babur na zagaya kwarurrukan da ke tsakanin Gure da Bune da kuma wajen Kelle, ina fatan in dawo da abin da zai wanke yayana. Na ga kwarin da famfo bai taɓa shiga ba ya bushe kamar namu, dabinonsa tsaye babu kai. Na ga kwarin da ke da famfo fiye da namu yana nan kore. Na kuma ga waɗanda suka mutu bayan famfo, da waɗanda ke raye da jigo. Daminar waɗancan shekaru ba ta yi kyau ba, wannan kowa ya yarda. Tudun gabas ya riga ya binne wasu goriba tun ina yaro, wannan na gani da idona. Amma zurfin ruwan kwarinmu kafin famfo, iyakar bincikena, babu wanda ya taɓa aunawa ya ajiye. Tsofaffi suna faɗa da gaba, wato tsawon buɗe hannuwa biyu, gabar kowa kuma daban take, tunaninsu ma yana bin ɓangaren da suke a rigimar. Malamina ya karanta abin da na tara ya ce aikin yana da kyau, amma ba tare da awon farko ba babu abin da zan iya yankewa, in rubuta haka. Na rubuta haka, na ci jarrabawa.

A hutun da ya wuce Baba ya kira ni zaure bayan azahar. Idonsa ya yi rauni, sai na matso yake gane ni. Ya ce Bulama ya zo masa da magana. Gari ya ragu, samari sun watse, mutane sun huce, kuma suna son Kyari ya dawo. Sai dai ana neman hanyar da babu wanda zai ji kunya. Idan ni da na yi karatun abin na tsaya a ƙofar Bulama na ce fari ne daga Allah, famfo ba shi da hannu, to Kyari ya wanku, Baffa ma ya wanku, Baba ma haka, kowa ya ba kowa hannu. Na ce masa zan iya tsayawa in faɗi abin da na tabbatar: cewa Yaya ya nemi a riƙa rufewa aka hana shi, cewa famfo uku ne, cewa an yi fari. Baba ya girgiza kai. Ya ce wannan tone-tone ne, zai raba shi da wansa a ƙarshen rayuwarsu, kuma ba zai dawo da kowa ba. Magana ɗaya ake so.

Na gaya masa abin da ya hana ni. Samarin wani kwari da ke kusa da mu, wanda har yanzu yake da rai, sun same ni a tashar Gure sun ce suna haɗa kai za su sayo famfo, suna jiran su ji abin da zan ce. Su ma ƴan'uwan juna ne, su ma ba sa hana aro. Abin da na faɗa a ƙofar Bulama zai riga ni isa can.

Inna tana bayan ƙofa, ashe tana ji. Ta shigo ba ta dube ni ba, ta ɗauki kwanon da ke gabansa.

"Mun sayar da awaki mun kai ka lakwal," in ji ta. "Kalma ɗaya aka ce ka faɗa ɗana ya dawo."

Na ce mata ban san ko gaskiya ba ce. Ta ce ita ma ba ta san ko za ta kai baɗi ba. Ta fita.

Baba bai yi mini faɗa ba. Ya ce in je in ƙara dubawa, wataƙila akwai abin da ban gani ba, shi zai ce wa Bulama a ɗan jira. Na koma kan duk abin da na tara, na sake zagaya wasu wuraren, na sake tambayar waɗanda na riga na tambaya. Bulama yana jira, Baba yana jira, mahaifinku yana can cikin ramin zinariyar da ban taɓa gani ba, ku kuma kuna girma. Ari ya tambaye ni kwanan baya me ya sa wani yaro ya kira shi da sunan da ya kira shi, na ce zan rubuta masa amsa. Ga abin da na iya rubutawa. Na san mahaifinku ya kawo famfon don bayan ubansa, na san ya nemi a rufe aka ce ya buɗe. Abin da ban sani ba, wanda dawowarsa ke rataye a kai, shi ne wannan: famfon ne ya kashe kwarinmu, ko kuwa ya zo ya tarar da shi yana mutuwa?